Mutumin da Ban Ƙirga Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Yawuri lafiya, ka sha ruwa, gajiyar mota ta sake ka. Allah Ya tsare ka a tudu, Ya tsare ka a ruwa, Ya sa ubangidan da za ka tuƙa wa jirgi mai tsoron Allah ne. Mahaifiyarka ce ta cusa takardar a ƙarƙashin ƙullin dakuwa, don ta san nan hannunka zai fara zuwa kafin ka nemi ko sabulu.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Kai ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina ka ci, kunya ta zama biyu. Tun kana ɗan shekara bakwai kake zama a goshin kwale-kwalena, amma in aka tara maganar da muka yi da kai ba za ta wuce "miƙo filafili" da "kwashe ruwan nan" ba. Abin da baki ya kasa, bari in gwada da biro. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon nawa a aji huɗu ya tsaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce kuna zaure kai da abokanka, ni kuwa ina bayan zana ina ɗinkin koma. Kana karanta musu littafin nan da aka ba ku wajen koyon tuƙin jirgin inji, kana kwaikwayon muryar malaminku suna dariya. Wai a rubuta sunan kowane fasinja kafin a tashi. Wai in hatsari ya auku matuƙi kada ya bar wurin, ya taimaki duk wanda ke cikin ruwa matuƙar ba zai jefa nasa mutanen a halaka ba, ya ba ɗaya matuƙin sunansa da lambar jirginsa, ya kai wanda ya ji ciwo asibiti, ya sanar da hukuma ba tare da ɓata lokaci ba. Da ka kai ƙarshe sai ka rufe littafin ka ce, "Duk surutun takarda ne. Babana ya shekara talatin yana fito, ba rajista ba rigar ruwa mai hana nutsewa, ko akuya bai taɓa rasawa ba."

Allurar ta tsaya a hannuna. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye maka ba, wane uba ne ba ya so? Amma ba zan bari ka hau kogin Kwara da wannan maganar a kanka ba, ruwan da aka ce dam ɗinmu kusa da shi kamar kwatarniya ne. Batun akuya gaskiyarka. Mutum na rasa.

Ba ka san bakin ruwan nan yadda na san shi ba. A lokacin da nake faɗa maka, kana rarrafe, babu wannan titin da ya zagaya ta gada. Duk mai zuwa kasuwa daga ƙetare sai ya bi ta hannunmu. Da hantsi za ka ga mashigi ya cika, mata da ƙoren nono, masu kaji a akurki, masu keke suna rigimar inda za a jingina musu shi, mai waina tana tuya a gindin marke. Kwale-kwale biyu ne ke fito, nawa da na Ɗanlami, Allah Ya ji ƙansa. Ka tuna shi, mai haƙorin Makka, wanda yake kiranka angon ƙanwarsa kana gudu. Tare aka yi mana kaciya da shi, tare muka koyi iyo, har matanmu ƙawaye ne. In muka yi kiciɓis a tsakiyar ruwa sai ya ɗaga filafili ya ce, "Haruna, jirginka ne ke tafiya ko ruwan ne ke wuce ka?" Fasinja su yi ta dariya. Har yau in na bi ta wurin giginyun nan da ruwa ya ci, inda gonar kakanka take kafin a yi dam, sai in ji kamar zan jiyo muryarsa. Ina kewar zamanin nan ƙwarai, duk da abin da ke cikinsa.

Kuskurena na farko tun a tudu na yi shi. Mu ba ma ƙirga mutane. Haka muka taso. Kakanka har ya koma ga Allah ban taɓa jin ya faɗi yawan 'ya'yansa ba, in an tambaye shi sai ya ce, "Akwai su, alhamdu lillahi." Farkon fara fitona na taɓa nuna fasinja da yatsa ina ɗaya, biyu, uku, sai wata tsohuwa, Iya Tabawa mai daddawa, ta buge min hannu da maficinta. Ta ce, "Kai yaro, awaki ka ɗauko? Abin da aka ƙirga raguwa yake yi." Jirgi ya ɗauki dariya, ni kuwa kunya ta kama ni. Daga ranar ban ƙara ba. Bakin jirgi kawai nake dubawa, in saura taƙi ɗaya tsakaninsa da ruwa sai in ce ya isa, in tura.

To Abba, ka ƙirga. In tsohuwa ta buge maka hannu, ka ba ta haƙuri, ka ce mata Allah Ya ƙara yawanmu, ka ci gaba da ƙirgarka. Ka tambayi sunan kowa da garinsu ka rubuta, ka bar takardar a tudu wajen wanda aka ɗora wa riƙe ta. Za su yi mita, za su ce ka cika iyayi, wani ma zai ce ko kai ɗan sanda ne. Mitar ba ta wuce mashigi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, cikin damina, bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, kowa yana so ya ƙetare kafin ya sauko. Mutane suka yi ta afkawa jirgina ina cewa a hankali. Kusan dukansu na san su, 'yan ƙauyukan ƙetare ne, wannan da matarsa, wannan da ƙaninsa. Na dai tuna wani baƙo siriri ya shigo daga ƙarshe, da malafa a kansa da 'yar jakar fata a hammata, ya yi sallama ya zauna can baya kusa da ni. Ban tambayi sunansa ba. Ya ce min, "Mai jirgi, ni fa ban iya ruwa ba." Na ce masa, "Kwantar da hankalinka malam, ko kaza ba ta jiƙa a jirgina."

Muna kaiwa wajen giginyu ruwan ya tsinke kamar da bakin ƙwarya, iska ta taso, ko goshin jirgina ba na gani sosai. Ɗanlami yana tahowa daga ƙetare da buhunan gero, shi ma yana sauri. Sai ji na yi an doke mu a haƙarƙari. Katako ya tsage, mutane suka ruga gefe guda, jirgin ya kife.

Allah Ya taimake mu masunta suna kusa, sun fake a bakin ciyawa. Su da Ɗanlami da ni muka yi ta jawo mutane, wasu sun rungume giginya, wasu sun kama bayan jirgin. Muka kwashe su zuwa gaɓa. Ina haki na ɗaga murya na ce, "Kowa ya fito?" Maigida ya duba ya ga matarsa, uwa ta duba ta ga ɗiyarta, babban wa ya ga ƙaninsa. Aka amsa min, "Kowa ya fito, alhamdu lillahi." Kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa nasa ya duba. Baƙo ba shi da wanda zai duba shi a wurin sai ni, ni kuwa hankalina ya tafi kan jirgina da ke kife.

Nan ne kuskure na biyu. Na karɓi amsar da nake so in ji, na bar wurin. Da na san mutum nawa na ɗauko, da a nan gaɓa zan gane saura ɗaya, ga masunta shida a tsaye waɗanda nutso ba komai ba ne a wurinsu, ga sauran hasken rana. Ban ce lalle da an same shi da rai ba, wannan sanin Allah ne. Amma da an nema. Saboda haka in Allah Ya jarrabce ka da irin wannan rana, ina roƙon kada Ya jarrabce ka, kada ka tambayi taro ko kowa ya fito. Ka ɗauko takardarka ka kira suna ɗaya ɗaya, kowa ya amsa da bakinsa. Wanda bai amsa ba yana cikin ruwa har sai ka gan shi da idonka. Kada ka matsa daga wurin, kuma kada ka bar ɗaya jirgin ya matsa, ko na abokinka ne, ko na wanda ba kwa ga maciji da shi ne. Mai ciwo a tura shi asibiti da wani, ko da ya ce ba komai. Jirgi kuwa katako ne, a bar shi ya jira.

Washegari da sassafe muka jawo jirgin ni da Ɗanlami. Da muka birkice shi sai ga jakar fata ta maƙale a ƙarƙashin katakon zama na baya. Na buɗe. Basilla ce guda uku, da 'yar wuƙa, da ƙullin zaren kaba, kayan gyartai, masu bin ƙauyuka suna ɗinke wa mata fasassun ƙore. Na ce, "Ɗanlami, ka ga mai malafar nan jiya a gaɓa?" Ya ce, "Wataƙila ya fita ta cikin ciyawa ya kama gabansa. Ka san baƙo."

Na ce, "Gyartai zai tafi ya bar basillarsa?"

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Haruna, in muka kai maganar nan gaba, hana mu fito za a yi. Ni ne na doke ka, ni za a kama. 'Ya'yana bakwai. Ka rufa min asiri, Allah Ya rufa maka."

Na rufa. Wannan shi ne na uku, kuma shi ya fi nauyi. Kafin azahar mun sa kafinta ya canja katakon da ya tsage, mun shafe da kwalta, in ka gani sai ka rantse jirgin bai taɓa karo da komai ba. Sarkin Ruwa ya aiko yana tambaya, muka ce iska ce ta kifar da ni, kowa ya fita. Jakar kuwa na kai gida na cusa ta a cikin jinkar ɗakina. Na gaya wa kaina zumunci na riƙe. Yanzu da na tsufa na san rabinsa zumunci ne, rabinsa tsoro, don ni ma na yi lodin da ya wuce ƙa'ida.

Ka ji ni da kyau a nan, don a nan ne mutanen kirki suke faɗuwa. Ba mugu ne zai zo ya ce ka ɓoye ba. Abokinka ne, ko ubangidanka da ya ba ka ɗaki da abinci, zai zo da hawaye ko da lallashi ya ce a kashe maganar a nan. Mu mutanen nan an yi mana tarbiyya da rufin asiri, kuma abu ne mai kyau a inda ya dace. Amma asirin da za ka rufa naka ne kaɗai, ko na wanda ya ba ka amana a kan abin da ya shafe shi shi kaɗai. Ran mutum na uku ba ya shiga ciki. Ka je ka sanar a ranar, wurin hukumar ruwa ko 'yan sanda, duk wanda littafinku ya ce, ka kuma gaya wa Sarkin Ruwan wurin don girmamawa. Ka faɗi sunanka da lambar jirginka, ka karɓi na ɗayan. Kada ka sa guduma a jikin jirgin sai masu dubawa sun duba. Ka faɗi abin da ya faru yadda ya faru, har da naka laifin. In sun karɓe lasin, sun karɓe. Ka dawo gida, gonar nan ta tudu tana nan, ba za mu kwana da yunwa ba.

Bayan kwana huɗu labari ya zo cewa masuntan can ƙarshen dam sun tsinci gawa a cikin ciyawa. Ba wanda ya gane shi. Suka yi masa sutura suka binne shi a maƙabartarsu, a gindin wata aduwa. Na ji, na yi salati tare da kowa, na tashi na tura jirgina.

Da kaka ta yi, wani mutum ya zo mashigi a kan keke. Ya ce daga wani ƙauye yake kusa da Babban Mutum, yana cigiyar wansa, Mamman gyartai, wanda ya fita yawon sana'a tun farkon damina bai koma ba. Ya ce ya je Daura, ya je har Kongolam ko ya ƙetara iyaka, ba labari. Ya tsaya a gabana kamar yadda kake tsayawa, ya ce, "Mai jirgi, ko ka taɓa ƙetarar da shi? Siriri ne, yana sa malafa." Na ce masa, "Malam, masu malafa ai da yawa." Har ruwa na ba shi ya sha. Ya yi godiya ya hau kekensa.

Shekara shida jakar nan tana bisa kaina. Ka tuna kana yaro kana tambaya me ya sa ba na cin kifin dam, nake cewa ƙaiƙayi yake sa ni? Ba ƙaiƙayi ba ne. A cikin shekarun nan Ɗanlami ya kwanta ciwo ya rasu, ba mu taɓa sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Sai wata bazara da za a sake jinka, mahaifiyarka tana kwashe kaya ta ci karo da jakar. Ta kawo min ita inda nake alwala ta ce, "Malam, wannan ta waye?" Na gaya mata duka. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Yana da mata?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To ni mace ce. In kai ne ka fita ba ka dawo ba, gara a kawo min gawarka da a bar ni ina kallon ƙofa. Tashi ka kai musu kayansu."

Na fara zuwa wurin Sarkin Ruwa, ya kai ni gaban dagaci, daga nan aka kai ni ofishin 'yan sanda na ba da bayani aka rubuta. Na sha faɗa, an dakatar da ni daga fito na wani lokaci, shi ne lokacin da aka ce muku ciwon baya nake yi. Duk wannan bai kai nauyin tafiyar da na yi zuwa ƙauyen nan ba. Ƙanin ya gane ni tun daga nesa. Aka shimfiɗa min tabarma a ƙofar gida, aka kira matar, sunanta Rabi, ta zauna a bayan zana. Na tura jakar ta ƙarƙashi. Na ji ta kwance ta, na ji ƙarar basillu.

Na faɗi abin da ya kawo ni, ban rage komai ba. Sannan ta ce, "Ashe ba guduwa ya yi ba."

Ƙanin ne ya yi min bayani. Mutanen gari sun daɗe da yanke cewa Mamman ya gaji da talauci ne ya tsere, wasu har sun ce an gan shi a kudu da wata mata. Rabi ta kai magana gaban alƙali, aka sa ta jira na shekaru kamar yadda shari'a ta tanada ga matar wanda ya ɓata. Ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. 'Yarsu da ya bari a goye ta taso yara suna yi mata gorin ubanta ya gudu.

Ta sake magana daga bayan zanar. Ta ce, "Bawan Allah, ruwa kam ƙaddara ce, ban riƙe ka da shi ba. Amma shekara shida ina jin haushin mutumin da ke kwance a kabari. Ko addu'a ban yi masa da zuciya ɗaya ba. Wannan kai ka yi min shi."

Daga baya danginsa suka ce sun yafe, na raka su gindin aduwar nan suka yi masa addu'a. Yarinyar ta tsuguna ta dafa ƙasar ta daɗe ba ta tashi ba. Yanzu ta yi aure, na ji har da 'ya'ya.

Ka ga dalilin da ya sa dariyarku ta ranar Juma'a ta hana ni sukuni. Waɗanda suka rubuta littafin nan ban san su ba, wataƙila wasunsu ko filafili ba su taɓa riƙewa ba. Amma kowane layi da ka karanta, ni na san wurin da na taka shi, na kuma san wadda ta biya. Dokar ba don hukuma ta wahalar da kai aka yi ta ba. Saboda baƙon da ya zauna a baya ne, wanda ba shi da kowa a jirgin sai kai, da kuma wadda ke jiransa a gida.

Na san bayan ka karanta wannan ba za ka ƙara yin alfahari da ni a zaure kamar da ba. Na yi kwanaki ina auna wannan, ya yi min ciwo, don yabonka ya fi min na kowa daɗi. Na ga gara ka rage ganin girmana ka riƙe littafinka. Ƙannenka ba su sani ba tukuna, ni zan gaya musu da bakina in lokacinsu ya yi. Ka sa rigar ruwa ko ana yi maka dariya, ka sa wa fasinjanka, ka kiyaye sallarka a kan lokaci, kada ka yi tsere da hadari.

Yau da rana, da aka ajiye kwanon tuwo, na yi abin da kakanka bai taɓa yi ba, na ƙirga 'ya'yana. Mahaifiyarka tana hararata ina nunawa da yatsa. Har da kai na sa, don jakarka tana nan a ƙofa ba ka tafi ba tukuna. Ku bakwai ne. Gobe war haka zan sake ƙirgawa in samu shida, kuma zan san sunan wanda babu da inda yake. Sulaimanu. Ga shi na rubuta, karo na farko tun ranar da aka raɗa maka shi.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Allah Ya sa duk wanda ya shiga jirginka ya taka tudu da ƙafarsa. Allah Ya ji ƙan Ɗanlami, Ya ji ƙan Mamman gyartai, ka riƙa sa shi a addu'arka in ka tura jirgi. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka cinye dakuwar a rana ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Haruna mai fito